Unguja ko Pemba: wanne zan kai iyali su ga teku?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara na zo nema, kuma na fi son jin ta bakin wanda ya taka wurin da ƙafarsa.

Shekara uku ke nan ina yi wa yara alƙawarin zan kai su su ga teku. Babbar 'yata ce ta ɗauko maganar tun tana aji huɗu, wai malaminsu ya ce akwai ruwan da ba a hango gaɓarsa ta can. Ita kuwa duk ruwan da ta sani bai wuce kududdufin bayan garinmu ba, sai kogin Haɗejiya da muka taɓa haye gadarsa za mu biki. Bana riɗi ya yi albarka, na fitar da zakka, na biya bashin taki, na ce to alƙawari kaya ne, bari in sauke.

Wani abokin cinikina a Dawanau ya ce in je Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, garin Musulmi ne. Da na sa yaro ya duba mini a waya, ashe manyan tsibirai biyu ne, Unguja da Pemba, kowanne da masu yabonsa. Mu bakwai ne: ni, uwargida, Hajiya mahaifiyata da ke fama da gwiwa, da yara huɗu, masu shekara 13, 10, 6, sai auta mai shekara 2. Babu wanda ya iya ruwa a cikinmu, har ni. Abin da nake so shi ne inda maman yara da 'yata za su tsoma ƙafa da hijabinsu ba a zuba musu ido ba, su ma kuma idonsu bai faɗa kan abin da bai kamata ba. Kwana bakwai na yanka. Ina zan dosa?

Dan_Garki:
Wa alaikumus salam. Alhaji ni ko Legas ban taɓa zuwa ba. Na dai shimfiɗa tabarma ina sauraro.

Injiniya_Kazaure:
Alhaji, Unguja, kar ma a ja zancen. Na yi aiki a Darussalam, na tsallaka can sau biyu. Duk wanda ka ji ya ce ya je Zanzibar, Unguja yake nufi. Can babban filin jirgi yake, mai sunan Abeid Amani Karume. Ka tashi daga Kano, ka canza jirgi a Adis Ababa, ka sauka a kan tsibirin kai tsaye, mota ta ɗauke ku zuwa masauki, shi ke nan. Pemba kuwa sai ka ƙara hawa wani ɗan ƙaramin jirgi na kamar rabin awa, ko ka shiga jirgin ruwa na awoyi zuwa tashar Mkoani. Ka dubi Hajiya da gwiwarta, ka dubi goyon shekara biyu bayan sun kwana a hanya. Asibitin kirki, kantin magani, motar haya, masauki na kowane farashi, duk sun fi yawa a Unguja.

Maman_Ilham:
Injiniya ku maza ba ku san inda takalmin ke matsa mu ba. Maganar jirgi da asibiti duk gaskiya ce, amma ba ita Alhaji ya tambaya ba.

Mun je da maigidana da yara, aka kai mu Nungwi, can ƙuryar arewacin Unguja. Wallahi kyau kam ba a magana. Yashin fari fat kamar an tankaɗe garin shinkafa, ruwan kuma kana tsaye kana ƙirga yatsun ƙafarka a ciki. Amma fa Turawa ne kwance reras a rana, mace da ɗan ƙyallen da bai kai hankici ba. Ɗana mai shekara biyar ya ja mini hijabi ya ce, "Umma, waɗannan ba su da kaya ne? Mu ba su na Yaya mana." Na rasa inda zan sa fuskata. Ga samari masu tallan yawon kwale-kwale, ka sallami wannan wancan ya tare ka. Da dare kiɗa har cikin ɗaki. Kwana uku na yi, rabinsu a bakin taga.

Abin mamaki, taku kaɗan a bayan otal-otal ɗin ga ƙauyen mutanen gari, mata cikin baƙin lulluɓi, yara na komawa daga Islamiyya, maza na sassaƙa jiragen katako. Kamar gari biyu ne aka jingina da juna. Idan Unguja za ka, ka guji Nungwi da Kendwa. A Kendwa har casu ake yi duk sanda wata ya cika.

Injiniya_Kazaure:
Na karɓi gyara, Hajiya. Amma Nungwi ba ita ce Unguja duka ba, zan dawo kan wannan.

Malamin_Lissafi_Babura:
Yallaɓai Baban Walida, na yi shekara biyu ina koyarwa a wata sakandare a Pemba, bari in faɗi abin da na gani, daɗinsa da ɗacinsa.

Idan kunya da natsuwa kake nema, Pemba ta yi wa Unguja fintinkau. Sai ka yi mako ba ka haɗu da Bature ba. Larabawa na da suna kiranta Jaziratul Khadra'u, wato koren tsibiri, kuma sunan ya dace. Mu da muka saba da fili shimfiɗe daga Babura har iyakar Nijar, can tudu ne da kwari, ko'ina duhuwar itatuwa, mangwaro, kwakwa, ayaba, shinkafa a fadamu. Mafi yawan kanumfarin Zanzibar daga can yake fitowa. Na sauka a watan Satumba ana tsakiyar tsinka, hanyar Wete gaba ɗaya an shimfiɗa tabarmi gefen kwalta ana shanya, na yau kore, na jiya ja-ja, na shekaranjiya ya koma baƙi. Ƙamshin har cikin rigarka. Wannan ɗan abin da matanmu ke ƙirgawa ɗaya-ɗaya su jefa a kunun zaƙi, can kaji ke bi ta kai.

To ga ɗacin. Teku ka ce yara za su gani, su taka yashi. Yawancin gaɓar Pemba ba yashi ba ce, taɓo ne da wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, suna ce musu mikoko. Manyan garuruwan uku, Chake Chake da Wete da Mkoani, babu wanda za ka fito daga masauki ka faɗa kan farin yashi irin wanda Maman Ilham ta kwatanta. Wuraren masu kyau suna nan, amma sai an bi su. Akwai Vumawimbi can arewa bayan dajin Ngezi, doguwar gaɓa ce da ba kowa sai masunta da shanu. Uwargida ta shiga ruwa da hijabi har ƙasa, babu mai ɗaga kai. Sai dai ka sani ba rumfa, ba banɗaki, ba mai sayar da ruwan sha, kuma idan yaro ya zurma babu wanda aka ajiye don ya ciro shi. Akwai kuma tsibirin Misali, shi sai da kwale-kwale. Masauki a bakin ruwa kaɗan ne, kuma yawanci na Turawa masu nutso ne, farashinsu ba na mai iyali bakwai ba ne.

Kawu_Na_Bagwai:
Da na ji an ce kwale-kwale gabana ya faɗi. Ɗana, mu nan Bagwai ba sai an ba mu labarin ruwa ba. Ƙarshen watan Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, yawancin waɗanda suka tafi 'yan Islamiyya ne. Har yau akwai gidajen da ba a ambaton ranar. Ruwan dam ke nan fa, wanda ake ganin gaɓa da gaɓa. Ka ce ba wanda ya iya ruwa a cikinku. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Duk tsibirin da za a ce sai an sa jikokina a kwale-kwale kafin su ga abin da suka je gani, ni ban ba da goyon baya ba.

Injiniya_Kazaure:
Allah ya jiƙansu, Kawu. Su ma can suna da irin wannan tabon. A watan Satumban 2011 wani jirgin ruwa da ya tashi daga Unguja zuwa Pemba cikin dare, an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ya nutse a tsakani, ɗaruruwan mutane suka rasu. Mashigin da ke tsakanin tsibiran biyu yana da zurfi da igiya. An ƙara tsaurara doka bayan nan, amma ni da iyali, in dai Pemba ce, ta sama zan bi.

Alaramma_Taura:
Allah ya jiƙan Musulmi. Ni tambayata ɗaya ce, Alhaji, kuma ba don in ɓata maka shiri ba. Kuɗin jirgin mutum bakwai zuwa wata ƙasa don kallon ruwa, ba su kai ka da Hajiya Umara ba? Kuma ai Jidda a bakin Bahar Maliya take. An yi ibada, yara sun ga teku, alƙawari ya cika.

Baban_Walida:
Allah ya gafarta Malam, maganarka dutse ce. Hajiya ta sauke farali, ni ma haka, kuma ina da niyyar komawa in Allah ya nufa. Wannan dai ta yara ce. Na yi lissafin Umarar mutum bakwai, ta fi ƙarfin aljihuna bana.

Yar_Ringim:
Malam a yi mana afuwa, ai kallon halittar Ubangiji ma ba wasa ba ne. Yaron da ya tsaya gaban teku ya ga iyakar ganinsa ruwa ne, ya fi saurin gane girman Allah a kan wanda aka yi wa bayani a allo. Kuma mu matan karkara daga ɗaki sai gidan biki sai asibiti. A bar baiwar Allah ta sha iska.

Alaramma_Taura:
Ban haramta ba, 'yata. Tambaya na yi, an kuma ba ni amsa.

Mai_Kafe_Gwaram:
Ana ta zaɓen tsibiri, ba wanda ya taɓo takardu, alhali nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Tsibiran biyu duk ƙarƙashin Tanzaniya suke tun haɗewar 1964, don haka biza ɗaya ce. Amma mai fasfo ɗin Najeriya ba a buga masa biza a filin jirgi. Muna cikin ƙasashen da sai an tura takardunsu an tantance, an amince, sannan a taso. Ta intanet ake cikewa, kuma tana iya ɗaukar makonni, don haka a fara kamar wata biyu kafin tafiya, kuma kar a yanki tikitin da ba a canza masa rana sai ta fito.

Ni ganau ne. Wani ejan a Kano ya karɓi kuɗin yayana ya ce masa ai ƙasar Afirka ce, a can za a buga. Ranar tafiya aka hana shi hawa jirgi, ya dawo gida da jakarsa da kilishin da ya yi guzuri. Har yau ana sasanci kan kuɗin tikitin.

Sauran: kowane yaro sai da fasfo ɗinsa, har auta. Katin allurar rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, kowa ya riƙe nasa. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 kan babban mutum, ko da kana da wata. A sa a lissafi.

Sarkin_Zolaya:
Alhaji ya zo neman shawara, an haɗa shi da allurar shawara. Allah ya ƙara mana zumunci a zauren nan.

Mai_Kafe_Gwaram:
Na manta, Tanzaniya ta hana leda tun watan Yunin 2019. A gaya wa uwargida ta juye yaji da kuka a roba mai murfi.

Sarkin_Zolaya:
Ƙasar da ba leda? To a me suke ƙulla ƙosai?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku bar ni in dawo da mu bakin ruwa. Injiniya ya ce Nungwi ba ita ce Unguja duka ba, ni ce shaida. Mu gabashin tsibirin muka sauka, wani dogon ƙauye da ake kira Jambiani. Gida muka kama mai ɗaki uku da kicin, ba otal ba, ni nake girkina. Akwai Turawa, ba zan ɓoye ba, amma tsilla-tsilla, kuma gaɓar doguwa ce, in kun matsa gaba kaɗan ku kaɗai ne.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne tekun can tafiya yake yi. Mun isa da yamma ruwa na dukan katangar gidan, yara suka kwana da murna. Washegari da hantsi ƙaramar ta fita ta dawo da kuka, wai an kwashe tekun. Na leƙa, wallahi gaskiyarta. Ruwa ya janye can nesa sai farin layi kake hangowa, an bar fili fetal da 'yan tafkuna iya idon sawu. Sai ga matan garin sun fito da zannuwansu da mayafai, sun shiga filin nan, kowacce da gonarta. Turaku ne suka kafa suka ɗaura igiyoyi, wata ciyawar ruwa da suke kira mwani ke girma a jiki, su tsinka su shanya su sayar. Noma sosai, a cikin teku. Na zauna kusa da wata dattijuwa, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, ta miƙo mini igiya na taya ta ɗauri. Ranar ban tuna da wani hijabi ya jiƙe ko bai jiƙe ba, don kowa haka yake.

Ga wanda bai iya ruwa ba, ban ga kamar wurin nan ba. Yara su yi ta tsalle a ruwa iya gwiwa suna tsintar katantanwa. Amma a guji Paje da ke kusa, can matasa masu wasan lilo da iska a kan ruwa suka yi sansani.

Malamin_Lissafi_Babura:
Hajiya ta kawo magana mai muhimmanci, bari in ƙara lissafin, tunda sana'ata ce. Janyewar nan da dawowa sau biyu take faruwa a kwana ɗaya, kusan awa shida ruwa na tafiya, awa shida yana dawowa, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jan sa. Mu da muke bin kwanan wata abin ya zo mana da sauƙi: a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, ruwan ya fi nisan janyewa, ya fi kuma ƙarfin dawowa. Wajen bakwai ga wata ko ashirin da biyu abin na da sauƙi. Haɗarin shi ne mutum ya bi fili ya yi nisa da yara, ruwa ya zagayo ta bayansa ta cikin kwari. Duk masauki sun san jadawalin, a tambaya kowace safiya. Dalilin da ya sa Turawa ke cika Nungwi da Kendwa ke nan, can ruwan bai cika nisa ba, ana iyo kowane lokaci. Wato abin da ya kore su daga gabas shi ne abin da zai yi wa Alhaji amfani.

Nas_Birnin_Kudu:
A sayi takalman roba masu rufe ƙafa ga kowa. A cikin 'yan tafkunan nan akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya, in yaro ya taka ƙayar karyewa take a cikin nama. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a can amma bai ƙare ba, a kwana cikin gidan sauro. Maganin Hajiya na gwiwa da na hawan jini in tana sha, a tafi da wanda zai isa har a dawo, a cikin kwalinsa. Auta kuma ko ruwa iya idon sawu ne, hannunsa na cikin na babba. Ta fuskar asibiti ni ina bayan Injiniya.

Dan_Maigatari:
Malam na Babura, ni duk hirar nan kanumfari kawai na ji. Nawa buhu? In Alhaji zai je Pemba in ba shi saƙo, ko buhu biyu ne, mu ga ko za ta fitar da kuɗin jirgi.

Malamin_Lissafi_Babura:
Ɗan Maigatari ka rufa wa Alhaji asiri. Kanumfari a can ba kamar riɗi ba ne da kowa zai kafa sikeli a bakin kasuwa. Kamfanin gwamnati, ZSTC, shi ke saye daga hannun manoma, kuma fitar da shi ta bayan fage laifin fasa-ƙwauri ne. Ɗan na tsaraba a ƙulli dai ana sayarwa a kasuwar Darajani da ke Unguja, da kirfa da citta da masoro.

Amma ciniki ba zai ba ku wuya ba, don rabin ƙirgarsu tamu ce. Ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, ka ji ai. Sabulu sabuni, labari habari, asuba asubuhi, kanumfari karafuu. Inda za a yi ɓatan kai: kaka a wurinsu yaya ne namiji, kuku kuma kaza ce. Ranar da wani tsoho ya ce mini kaka na juya ina neman wa yake nufi. Sai agogo. Suna gabanmu da awa biyu, sannan a bakinsu ƙirgar awa daga fitowar rana take farawa. Makon farko direba ya ce in fito saa mbili, na fassara ƙarfe biyu, na yi kwanciyata. Ashe takwas na safe yake nufi.

A masallaci kuma Shafi'awa ne mafi yawa. Za ka ji liman ya bayyana Bisimilla, a Asuba kuma ya yi alƙunuti a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a sama ana amin. Kar Hajiya ta ɗauka an yi kuskure.

Manomi_Auyo:
Wai yaushe ne tafiyar ma? In dogon hutun yara ne, Agusta ke nan, wa zai bar gona a Agusta? In kuma Disamba ce bayan an sayar da amfani, na ji lokacin ne komai ke tsada.

Injiniya_Kazaure:
Duka biyun lokacin cikar baƙi ne. Yuni zuwa Oktoba rani ne a can, da sanyi-sanyi da iska. Ƙarshen Disamba zafi, ga tsadar masauki saboda hutun Turawa. Wanda za a kauce wa shi ne Maris zuwa Mayu, lokacin babbar daminarsu, masika. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba, ita ba ta hana yawo. Kuma Pemba ta fi Unguja ruwan sama, shi ya sa ta fi kore.

Dalibar_Tarihi:
Ni abin da zai sa in ce Unguja daban ne. Walida shekararta 13, ba yashi kaɗai ya kamata ta gani ba. Tsohon garin da ake kira Stone Town, lungunansa kamar kana cikin birnin Kano wajen Kurmi, ga ƙofofin katako masu sassaƙa, ga tasirin Larabawan Oman da suka mulki wurin. A nan aka yi babbar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, aka gina coci a kan filin, har yau ana shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. A kudu, a Kizimkazi, akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Yaro ya ga wannan ya san Musulunci ya daɗe a gaɓar nan.

Maman_Ilham:
Gaskiya ne, amma mota ba ta shiga yawancin lungunan, da ƙafa ake bi. Hajiya sai dai a ajiye ta a lambun Forodhani bakin ruwa ta jira. Da magariba nan ake baje kolin abinci. A nan maigidana ya sayi wani abu mai hannuwa takwas da suke kira pweza, ya ce halal ne. Na ce halal ɗin ta tsaya a farantinka.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Abinci ba matsala. Ugali tuwon masara ne sak, sai dai ya fi namu tauri. Na tafi da kuka da daddawa, na sayi ɗanyen kifi hannun masunta da safe, sai ga tuwo da miyar kuka a bakin tekun Indiya. Shinkafarsu ta pilau kuwa yara har yau suna tambaya.

Sarkin_Fawa_Karami:
An ce a Pemba ana wasa da bijimi kamar hawan ƙahonmu. Da gaske ne, Malam?

Malamin_Lissafi_Babura:
Ana yi a wasu ƙauyuka, mchezo wa ng'ombe suke cewa. Saurayi ya tsaya da ɗan ƙyalle ko tabarma, sa ya taso ya goce, mata na waƙa, kuma ba a kashe san. Ba kullum ake yi ba, sai an dace. Abin da yara za su gani tabbas a Pemba shi ne manyan jemagu masu jan ƙirji a Kidike, rataye a bishiya kamar an shanya kaya. A Unguja kuma jajayen birai a dajin Jozani, mota ke kai ka har wurin, kuma yana kan hanyar Jambiani.

Shugaban_Zaure:
Jama'a daga tsibiri mun koma jemage da hawan ƙaho. Baban Walida, kana nan kuwa? Me ka tsinta?

Baban_Walida:
Ina nan, ranka ya daɗe, duk na karanta, Allah ya saka wa kowa. Jiya bayan Isha na tara gidan na karanta musu. Sai ga shi na ƙara shiga ruɗu. Uwargida tunda ta ji labarin Maman Ilham ta ce ita Pemba, ko da taɓon ne. Walida ta ga hoton wasu manyan kunkuru a waya ta ce ita sai inda suke. Hajiya ta yi shiru har aka gama, sannan ta ce tambayarta ɗaya: ruwan nan mai gishiri, yana alwala?

Alaramma_Taura:
A gaya wa Hajiya yana yi. An tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Hadisin na cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Har abin nan mai hannu takwas da Maman Ilham ta ƙi.

Maman_Ilham:
Allah ya gafarta Malam, na yarda halal ne, a bar wa mabuƙata.

Injiniya_Kazaure:
Kunkurun suna wani ɗan tsibiri ne, Changuu, gaban Stone Town, wato ɓangaren Unguja. Amma fa sai an shiga kwale-kwale kamar rabin awa. Kawu na ji.

Kawu_Na_Bagwai:
Ina ji. A nuna mata na gida, akwai su a fadama.

Yar_Ringim:
To me zai hana a raba? Kwana biyar a Jambiani, biyu a Pemba, kowa ya samu nasa.

Injiniya_Kazaure:
Kujera bakwai a ƙaramin jirgi, zuwa da dawowa, ga ƙa'idar nauyin kaya mai tsauri, ga tattara yara sau biyu. Kuɗin ya isa ƙarin kwanaki a wuri ɗaya.

Malamin_Lissafi_Babura:
A nan na yarda da Injiniya, amma ta wata fuskar. Kwana biyu a Pemba ɗaya zai tafi a hanya, ɗaya a neman inda yashi yake. Ko a ba ta mako cur, ko a bar ta sai yara sun girma. Da ni kaɗai ne da maiɗakina, Pemba zan koma gobe. Da tsohuwa da goyo kuwa, zuciyata na can amma bakina ba zai iya cewa a je ba.

Maman_Ilham:
Ni dai har yanzu ina bayan uwargida. Jambianin ma ai Hajiya Mai Atamfa ta ce akwai Turawan tsilla-tsilla. Tsilla ɗaya ta isa yaro ya yi tambaya.

Hajiya_Mai_Atamfa:
A Adis Ababa ma za ku gan su a filin jirgi, sai a rufe wa yaran ido da ɗankwali? Alhaji, ka ba ta lambata ta akwatin sirri, mu yi magana mace da mace, in tura mata hotunan gidan da muka zauna.

Baban_Walida:
Za a yi haka, Hajiya. Gobe dai zan shiga Dutse maganar fasfo ɗin auta da na mai shekara shida, don su ba su da shi. Mai Kafe, a fom ɗin bizar ana tambayar sunan masaukin da za a sauka? In ana tambaya, ka ga dole a yanke kafin in cike.

Mai_Kafe_Gwaram:
Ana tambaya, Alhaji, har da shaidar kama ɗakin. Ka zo da fasfo bakwai ɗin shago ranar Asabar, amma ka zo da sunan tsibiri ɗaya.

Dan_Maigatari:
Ko wanne aka zaɓa, ƙullin kanumfarina na nan dai ko?